Kayan lantarki: a tura su Ingila ko a saya a can?

Ƙanwarmu ma'aikaciyar jinya da ke Pantami ta ce takardunta na aiki a Ingila sun fito, maigida da yara biyu za su bi ta daga baya. Tana tambaya: firij, firiza, injin wanki, murhun gas da sauran kayan da aka yi mata na aure, ta haɗa su a kago ta tura, ko ta bar su ta sayi wasu a can? Allah ya sanya alheri, ƙanwata. Shekara huɗu na yi a garin Biradfod na Ingila lokacin karatun maigidana kafin mu dawo Tumfure, don haka bari in jera miki hanyoyin biyu ki duba.

Mu fara da turawa. Abu biyu ne ke gefenta. Wutarmu da ta Ingila iri ɗaya ce, bolt 230, filogin ma shi ne mai ƙafa uku da muka saba, duk abin da ya yi aiki a Gombe zai yi a can. Da Amurka ko Kanada za ki, inda wutar bolt 120 ce, da tun nan na rufe maganar, don sai da taransfoma. Na biyu, kwastan ɗinsu suna ɗauke wa mai ƙaura haraji idan ya cike fom ɗin ToR1 kafin kayan su iso, muddin ya mallake su aƙalla wata shida kuma ya yi wata 12 a jere a wajen ƙasar.

To amma lissafa hanyar. Firij zai bar Gombe a bayan mota har Legas, ya sha gargada, ya jira jirgin ruwa na makonni, ya sauka a tasha, a sake biyan mai kai shi ƙofar gida. Idan ta sama ne, da kilo da girman kwali ake caji, injin wanki kaɗai kuwa yana haura kilo 60. Garantin da aka ba ki a shago a nan ba ya tsallake ruwa. Murhun gas kuma kada ma ki soma: namu na tukunya ne, nasu gas ɗin bututu ne, bakin wutar ba ɗaya ba, kuma doka ta ce sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar masu aikin gas ta ƙasar, ne zai haɗa shi. Wani abin dariya, da yawa daga firjin da ake sayar mana a matsayin Beljiyam daga ƙasashen Turai suka fito. Mayar da su can kamar ki sayi kifi a Babbar Kasuwa ne ki kai Dadin Kowa inda ake kama shi.

Babbar matsalar turawa ita ce ba ki ga gidan ba tukuna. Gidan haya a Ingila iri-iri ne: akwai mai kayan ɗaki gaba ɗaya, akwai wanda babu kujera babu gado amma kicin ɗinsa na da murhu, sau da yawa har da firij da injin wanki. Kicin ɗin nasu kuma a auna yake, gurbin injin wanki faɗin santimita 60 ne a ƙarƙashin kanta. Firizarki ta naman layya, wadda mutum zai iya kwanciya a ciki, ban san inda za ki sa ta ba, sai dai falo. Saboda haka kafin ki kashe ko sisi, ki nemi takardar da ta jera kayan da ke cikin gidan ki karanta.

Yanzu saye a can, shi ma kashi biyu ne.

Sabo ana samu a kamfanonin sayar da kaya irin su Currys, Argos ko AO. Kuɗin da kika gani a jiki shi ne za ki biya, harajin kashi 20 cikin ɗari yana ciki, amma kawowa gida da haɗawa galibi kuɗinsu daban. Idan kaya ya zo da matsala, dokarsu ta 2015 ta ba ki kwana 30 ki mayar a ba ki kuɗinki. Mu firij matsakaici muka saya a kan fam ɗari biyu da wani abu. Ranar na buga shi da naira sai da kaina ya sara, kuma a lokacin fam bai kai kusan naira 2,000 da ya taka a 2025 ba. Ki daina wannan bugun tun a filin jirgi, ki riƙa auna kaya da albashin da za a biya ki da fam. Za su yi miki tayin biya kaɗan-kaɗan, sai dai baƙo ba shi da tarihin bashi a wurinsu, ga kuma kuɗin ruwa da ke hawa idan wa'adi ya wuce. Ni ban shiga ba.

Na hannu shi ne rufin asirin baƙo, musamman a watan farko da kuɗin ajiyar gida, wanda ke kai hayar mako biyar, ya riga ya kwashe aljihu. Shagunan ƙungiyar agaji ta British Heart Foundation suna sayar da kayan lantarki da aka gwada, suna kuma kawowa. A shafukan intanet na Facebook Marketplace da Gumtree an fi arha, a shafin Freecycle ma kyauta ake bayarwa, ki je ki ɗauka. Sai dai a nan na sha. Na ga injin wanki fam 60 a hannun wani mutum, hoto fes. Na biya mai mota fam 35, shi da maigidana suka hau da shi bene suna nishi. Mako uku ya yi, ya tsaya cak da ruwa da zannuwana a cikinsa. Na kira lambar, a kashe. Ƙarshe sai da na biya kansul, wato ƙaramar hukuma, suka zo suka kwashe gawar. Tun daga nan ban ƙara sayen abu mai inji ba sai an kunna a gabana na ji ƙararsa.

Da ni ce ke, firij da talabijin zan saya na hannu daga shagon da ke gwadawa, injin wanki in daure in sayi sabo, don da yara biyu kullum a cikin juyi yake. Ƙananan kaya, butar lantarki, dutsen guga, abin ɗumama abinci, sababbinsu ba su da tsada a manyan kantuna. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki ki manta da su, haka sitabilaiza. Kuɗin da ba a gani sai an zauna shi ne na wuta da ɗumama gida a lokacin sanyi, tsohon firij da injin busar da kaya kuwa suna shan wuta ba kaɗan ba. Talabijin ma tana da lasisi idan za ki kalli tashoshi kai tsaye, a Afrilun 2025 kuɗinsa ya kasance fam 174.50 a shekara.

Kayan aure ba a rabuwa da su da gaggawa, na sani. Ki zauna da Umma ki yi mata bayani da kanki kafin ta ji a bakin wani cewa an sa kayan ɗakinki a kasuwa. Ki bar mata firizar ta ci gaba da aiki, don wanda aka kulle a ɗaki shekara uku ɓera da tsatsa ne ke gadonsa. Sauran ki sayar ki riƙe kuɗin.

Jakunkunanki biyu masu kilo 23 kuma ki cika su da abin da Currys ba ta da shi: muciya, mara, madambaci, kaskon turaren wuta na lantarki, don garwashi yana tada ƙararrawar hayaƙi har maƙwabta su fito. Ki sa tanda ta ƙarfe a tsakiyar zannuwa. Ni na manta tawa, sai da na yi wata takwas ban ci masa ba kafin wata 'yar Bauchi ta zo mini da ita.