Tanderun lantarki mai lita 45, bayan wata bakwai ina gasa burodin albasa da tsala

Da kuɗin adashi na sayi wannan tanderun a nan Zariya, irin ƙaramin nan da ake ɗorawa a kan teburi, mai ƙofar gilashi da maɓallan murɗawa guda uku: na zafi, na zaɓen wutar sama ko ta ƙasa, da na lokaci. Lita 45 ne, wat 2000. Na ƙi cewa komai a kansa sai da ya sha aiki, domin kek ba ya tona asirin tanderu, sukari da bota suna rufe aibi da yawa. Abin da ya nuna mini halinsa shi ne burodin albasa da nake yi da tsala kusan kowace Asabar.

Bari in fara da burodin, don a gane abin da nake nema a wurin tanderun. Ba a sa masa yis, ba a sa sukari. Asalinsa burodin mutanen ƙasar Ailan ta Turai ne, wanda ya bazu a gidajensu a ƙarni na 19, lokacin da bekin soda ta samu. Suna kwaɓa fulawa da nonon da ya rage bayan an kaɗe mai. To wannan ai shi ne tsalarmu. Tsamin nonon ne ke haɗuwa da sodar, sai iska ta tashi a cikin kwaɓin ta kumbura shi. Wadda ta taɓa zuba ruwan kanwa a cikin abu mai tsami ta ga yana kumfa ta san abin da nake nufi.

Wurin wata dattijuwar Bafulatana nake sayen tsalar, tana biyowa ta layinmu da ƙwaryarta da hantsi. Ranar farko da na ce, "Inna, tsala nake so, ba kindirmo ba, kuma wadda ta kwana ta yi tsami," sai ta dube ni ta ce, "'Yata, kowa kindirmo yake nema, ke me za ki yi da tsala?" Da na kai mata yanki ɗaya washegari, ta ci, ta ce a ƙara mata na jikokinta. Na gwada yogot na kanti sau biyu. Mai sukarin bai dace da albasa ba ko kaɗan, marar sukarin kuma sai an tsinka shi da ruwa, duk da haka ƙamshin bai kai na tsala ba.

Awon da na tsaya a kai: fulawa giram 500, wato kofi 4, bekin soda cokalin shayi 1 a shafe, gishiri cokalin shayi 1, tsala kimanin mililita 400, manyan albasa 2, man shanu cokali 2. Jar albasa nake so, busasshiya, irin wadda ake kawowa daga Aliero ta jihar Kebbi. Kada a zuba ta ɗanya. Kusan kashi 90 cikin 100 na albasa ruwa ne, in ta shiga kwaɓi a haka za ta saki ruwan a ciki, tsakiyar burodin ta yi caɓi. Ina soya ta a man shanu a kan wuta kaɗan-kaɗan har minti 20, sai ta yi laushi ta koma ruwan zuma, in bar ta ta huce. Kwaɓin kuwa ba ya son murza. Hannu ɗaya, juyi kaɗan, da zarar garin ya haɗe sai a dunƙule shi, a ɗan danne, a tsaga samansa gida huɗu da wuƙa don zafi ya ratsa ciki.

A nan ne tanderun ya fara burge ni. Soda ba ta jira. Da ta ji danshin tsala ta fara aiki, in aka bar kwaɓin a ajiye iskar ta tsere. Dole tanderu ya riga kwaɓi shiri. Wannan yana ɗaukar zafi cikin minti 10 zuwa 12, daidai lokacin da nake tankaɗe fulawa da auna tsala. Kuma girmansa ya ishe ni: dunƙule ɗaya babba ya zauna a tsakiya da sarari ta kowane gefe, ko ƙanana biyu.

Sai dai burodina uku na farko duk sun ƙone ta sama, cikinsu bai nuna ba, kuma abin ya dame ni ƙwarai, ganin tsadar fulawa. Na zargi sodar, na zargi tsalar. Da ƙanwata ta aro mini ma'aunin zafi na cikin tanderu, sai gaskiya ta fito. Na murɗa maɓalli a kan digiri 200, ma'aunin ya haura 220 a can ƙurya, bakin ƙofa kuma bai kai haka ba. Tanderun ba shi da fanka a ciki da za ta watsa zafin, sandunan wutar sama kuma suna kusa da abin da ake gasawa. Yanzu ga yadda nake yi: maɓalli a kan 180, faranti a mataki na biyu daga ƙasa, bayan minti 20 in juya gaba ya koma baya, in saman ya yi ja da wuri in yafa masa takardar foyil. Minti 40 zuwa 45 ya gasu. Ina ɗaga shi in ƙwanƙwasa gindinsa, in ya amsa kamar ganga to ya yi. Tun daga lokacin ban sake asarar ko ɗaya ba. Duk wadda za ta sayi irin wannan tanderun, ta haɗa da ma'aunin zafi a rana ɗaya.

Farantin da ya zo da shi siriri ne, yana lanƙwashewa in ya ji wuta, na canza shi da mai kauri. Igiyar wutarsa gajera ce, kuma ban yarda a jona shi a soket ɗin ja-ni-talau, wato ekstenshan, ba, kai tsaye a bango nake sa shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gilashin ƙofar. Falle ɗaya ne, yana yin zafin da zai sale fatar yaro. Autana shekararsa uku, saboda haka na mayar da tanderun kan kanta mai tsawo, kuma ba ya shiga kicin in yana kunne.

Maganar wuta ita ce babba. Awa ɗaya ta gashi ba ta cinye fiye da yunit 2 a mita, wannan da sauƙi. Amma ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba. Maɓallin lokacin kuma ba da lantarki yake aiki ba, na murɗawa ne kamar tsohon agogo, ko an ɗauke wuta yana ci gaba da tafiya har ya buga ƙararrawa. Wata Asabar ina tsakar gida ina wanki, na ji ƙararrawa, na zo na tarar tanderu ya huce, burodi rabin gashi. Na ƙarasa shi a tukunya mai yashi a kan gas, ya ciwu, amma ya yi nauyi. Yanzu kullum tukunyar yashin tana gefe kafin in jiƙa fulawa.

Da za a mayar da ni ranar da na saye shi, zan sake sayensa, domin unguwarmu muna samun wuta da safe. Wadda wutarsu ba ta da tabbas, na gas ya fi mata, ko da ya fi tsada. Wadda kuma take son yin na sayarwa, dunƙule ɗaya a minti 45 ba zai kai ta ko'ina ba. Ni dai na gida nake yi. Ina fito da shi in naɗe a tsumma mai tsabta don ɓawon ya yi laushi, in jira rabin awa kafin in yanka. Maigidan da shayi yake cinsa, yara da ƙwai, ni kuma na fi son sa da farfesun kayan ciki. Ba ya wuce kwana biyu da taushinsa, wanda ya kwana sai in yayyanka in mayar da shi tanderun minti 5 da wutar sama kaɗai, in shafa man shanu tun yana da zafi.