Garejin da na kai tarakta ta sabis a Farin Gada

Salam jama'a, musamman manoma masu tarakta a nan Jos da kewaye. Akwai wani gareji a Farin Gada da nake so in ba ku labarinsa, wani dattijo ne ke riƙe da shi, kowa Baba yake kiransa, injinan gas kawai yake taɓawa, tarakta da janareto da manyan motoci.

Tawa Massey Ferguson 375 ce mai injin Perkins silinda huɗu, ita ke mana haro a gonar dankali a wajen Bokkos, in mun gama kuma a yi wa maƙwabta haya. Bana tun kafin ruwa ya sauka ta fara ba ni wahala, da safe sai an daɗe ana murza ki kafin ta kama, in ta kama ta yi ta farin hayaki, kuma da ka saka mata garma a ƙasa mai tauri sai ƙarfi ya gudu kaman an shaƙe ta. Wani bakanike da na fara kira ko minti biyar bai yi ba ya ce injekta famfo, wato famfon da ke tura gas cikin inji, ne ya mutu sai an cire an kai gyara, kuɗin da ya faɗa kuwa na takin rabin gonar ne.

Baba da muka je bai ma kalli famfon ba. Cewa ya yi Alhaji ina kake shan gas, kuma a cikin me kake ajiyewa? Ya durƙusa ya kwance ɗan kofin gilashin nan da ke ƙarƙashin filtar gas ya tsiyaye a gorar roba ya miƙo min, wallahi ruwa ne kwance a ƙasa da tsatsa, gas ɗin yana yawo a sama. Filtar kuma da ya ciro ta yi baƙi ƙirin ta toshe. Ya ce min famfon irin wannan injin da gas ɗin kansa yake samun santsi, babu wani mai daban da ke shiga cikinsa, so in ruwa ya shiga ko gas ɗin da aka gauraya da kananzir, ƙarfe ne zai dinga cin ƙarfe har famfo da nozul masu fesa gas cikin silinda su tafi gaba ɗaya. Ni dai Allah ya taimaka ba a kai nan ba.

Ya sa yaransa suka sauke tanki suka wanke, ya canja filta da robobinta sabbi, sannan ya cire iska da kansa, yana danna ɗan hannun famfon da ke gefen inji yana sassauta noti har gas ya fito babu kumfa, tukuna ya ɗaure. Wannan wajen ne ya fi burge ni dan ya tsayar da direbana ya ce ɗana zo ka gani, ya sa shi ya maimaita da hannunsa har sau biyu, saboda ranar da gas zai ƙare musu a tsakiyar gona ba sai an kashe batir ana ta murza ki ba.

Sai juyen baƙin mai. Ya bar injin ya yi zafi tukun kafin ya kwance notin ƙasa, dan man ya yi ruwa ya fito da dattinsa, ya canja filtar mai a lokaci ɗaya, bai yarda da maganar a bar tsohuwa sai juye na gaba ba. Baƙin mai mai lamba 15W-40 na injin gas ya zuba, kusan lita 8, kuma galan a rufe da hatiminsa, a gabana aka fasa. Shi ba ya karɓar man awo na cikin duro da ake sayarwa a kwalba, in ka zo da shi ma cewa zai yi ka kai wani wajen. Ya ce duk awa 250 a yi juye, filtar gas awa 500, amma da irin gas ɗin da muke samu kar in jira ta cika. Ya rubuta awar da agogon ƙirga awa na taraktar yake kai da fenti a cikin murfin inji.

Wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba, a cika tanki da yamma bayan an tashi aiki. Sanyin Filato da daddare yana sa tankin da ba ya cike ya yi gumi ta ciki, gumin nan shi ne ruwan da ke gangarowa. Duron gas kuma a bar shi ya kwana kafin a ɗiba, kar a zuƙo na can ƙasa, kuma a daina tacewa da tsumma.

Inda nake da ƙorafi, wajen ba ya sauri sam, kwana biyu taraktar ta yi a can a aikin da bai wuce na yini ba, dan a watan Afrilu kowa ya tuna da taraktarsa layi ya yi tsawo, kuma Baba ba ya barin yara su ɗaure komai sai ya duba. Kuɗin aikinsa ya ɗan fi na sauran, ba ya ajiye kaya sosai, filtar ma sai da aka tura yaro Dilimi a keke ya nemo. Zuwa gona kuma sai ka ɗauke shi ka dawo da shi.

Yanzu dai murzawa ɗaya take kamawa ko da asuba, hayakin ya ɗauke, mun gama haron Bokkos har mun yi na mutum uku. Direba kullum da safe yana duba geji yana leƙa kofin gilashin nan kafin ya tayar. Juye na gaba in sha Allahu can zan koma, amma tun Fabrairu zan kai ta kafin layi ya taru.