Maganin narkar da kaki: wanne za ka saya idan tari ya daɗe?

Mutumin da ke tari da kaki wata uku a shekara, shekara biyu a jere, shi likitoci ke cewa yana da daɗaɗɗen kumburin hanyoyin numfashi. Ya fi kama mashaya sigari da iyayenmu mata da suka tsufa a bakin murhu. Kafin ka miƙa ko sisi a kemis, ka fara kai kakin a duba tarin fuka, gwajin kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya.

Idan ba tarin fuka ba ne, ni carbocisteine zan fara tambayar likita. An gwada shi a China kan mutum 709 tsawon shekara guda, a binciken PEACE na 2008, miligiram 1,500 a rana, sai yawan tashin ciwon ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai mai gyambon ciki ya nisance shi, ga shi kuma masu gyambon ba kaɗan ba ne a cikinmu.

Sai N-acetylcysteine, ƙwayar nan da ake jefawa cikin kofin ruwa ta yi ta kumfa, da ɗan warinta kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Shi a adadin da ake sha maganar take. A binciken BRONCUS na Turai a 2005, an sha miligiram 600 sau ɗaya a rana har shekara uku, bai hana huhu ci gaba da rauni ba. Da aka mayar da shi sau biyu a rana a binciken PANTHEON na 2014, kan mutum 1,006, tashin ciwon ya ragu. Mai hawan jini ya sani ƙwayar mai kumfa na ɗauke da gishiri, mai asma kuma kada ya sha sai da izinin likita.

Erdosteine ma ya nuna amfani a binciken RESTORE na 2017, amma ba kowane kemis ke ajiye shi ba.

Duk wanda likita ya zaɓa maka, ka ba shi mako huɗu zuwa takwas, kana lura da kakin asuba. Ya yi ruwa? Yana fita ba tare da ka yi ta kakari ba? In babu sauyi, ka koma a canza, kada ka yi ta zuba kuɗi. Kada kuma ka haɗa shi da maganin danne tari irin kodin, don kakin da ya narke tari ne ke taimakawa wajen fitar da shi daga ƙirji.