Wayfai na kwalejinmu: sabis ɗin ya yi, amma dokokin ba wanda ya yi mana bayaninsu

Wata shida kenan ina amfani da wayfai da ɗakin kwamfuta na kwalejinmu, na ce bari dai in faɗi abin da na gani saboda sababbin ɗalibai da ke ta tambaya wai ana iya dogara da shi ko kuwa su ci gaba da sayen data kawai.

Maganar gudu gaskiya ba laifi. A laburare da ɗakin kwamfuta yana tafiya sosai, na sauke littattafai na kalli lakca ba tsayawa. A hostal ne ake shan wahala da daddare, idan kowa ya dawo sai ka ga shafi ɗaya yana ta juyawa. Wani abu da na gano, idan wayarka tana kama layin wayfai na 5 GHz to hau shi, ya fi 2.4 GHz sauri nesa ba kusa ba, sai dai bai iya ratsa bango kamar ɗayan. Kuma muna da eduroam, tsarin nan da ya faro a Turai yanzu ya kai ƙasashe sama da 100, da sunanka da fasuwod ɗinka na makaranta za ka hau intanet a duk wata makarantar da ke cikin tsarin. Wannan kam na yaba.

To amma abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne dokokin. Ranar farko da za ka shiga wani dogon shafi ne zai fito da ƙananan rubutu, a ƙasa an sa wurin danna "na amince", wallahi ban san mutum ɗaya da ya karanta ba, ni ma ban karanta ba. Ashe a ciki an rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk abin da aka yi da akawun ɗinka kai ne ka yi. Abokin ɗakina nasa ya ƙi buɗewa, ya roƙe ni, na ba shi nawa don ban ga wani abu a ciki ba, shi kuma ya kunna torrent, manhajar sauke manyan fayiloli, ya bar shi har gari ya waye yana sauke finafinai. Da safe na tashi an kulle ni, ba saƙo ba gargaɗi, ga asayimen da zan tura a ranar ta fotal ɗin makaranta. Hankalina ya tashi ba kaɗan ba.

Na je ofishin masu kula da intanet, na sami wani ma'aikaci na ce Malam don Allah a duba min. Ya duba ya ce "kai ne ka yi lodin nan?" na ce a'a Malam abokina ne, ya ce "mu a nan sunanka muka gani." Amma Allah ya saka masa da alheri, bai kore ni ba, ya zaunar da ni ya yi min bayanin da ya kamata a ce tun ranar rajista aka yi mana. Ya ce shi torrent ba saukewa kaɗai yake yi ba, yana saukewa yana kuma rabawa wasu a lokaci guda, don haka mutum ɗaya zai iya shaƙe layin da ɗalibai da yawa ke jira, kuma idan fim ɗin na sata ne to adireshin makaranta masu shi za su gani, makaranta za a tuhuma. A nan na gane dalilin da ya sa hostal ke rarrafe da daddare, mu ne ke cutar junanmu.

Har na tambaye shi abin da ke damun kowa, wai da gaske ne suna karanta saƙonninmu? Ya ce idan shafi yana da https a farkon adireshinsa suna iya ganin sunan shafin da ka shiga da lokaci da yawan datar da ka ci, amma ba sa ganin abin da ka rubuta a ciki. Sai dai kwamfutar ɗakin kwamfuta ta makaranta ce, kar ka ɗauke ta kamar taka, ka fita daga imel ɗinka kafin ka tashi. Dokar hana sa manhaja da kanka ma da na ɗauka takura ce kawai, ya tuna min da WannaCry na watan Mayun 2017, cutar kwamfuta da ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe da dama har da asibitocin Ingila, ta bi kwamfutocin Windows da ba a sabunta ba alhali Microsoft ta fitar da gyaran tun watan Maris. Kwamfuta ɗaya ta kamu sai ta shafa wa na kusa da ita. Haka filash, shi ya sa suke cewa a bari a duba shi tukuna.

Inda ba su kyauta ba, kuma zan faɗa, kullewa ba gargaɗi. Mene ne wahalar tura saƙo ɗaya a ce akawun ɗinka yana cin data fiye da kima, ka duba? Ofishin kuma ba ya buɗewa ƙarshen mako, wanda aka kulle da yammacin ranar aiki ta ƙarshe sai ya jira. Sannan matatar da suka sa tana toshe wasu shafukan karatu haka kawai, wata 'yar ajinmu da ke bincike kan cutar sankarar mama sai da ta cike fom kafin a buɗe mata shafin lafiya, wannan ai bai dace ba.

An buɗe min nawa bayan kwana 2, malamin darasinmu ya karɓi asayimen ɗin bayan na kai masa takarda daga ofishin. Na canza fasuwod na kunna tabbatarwa mai mataki biyu, yanzu sai lamba ta shigo wayata kafin a shiga. Abokin nawa kuwa na raka shi da kaina aka gyara masa nasa, ko minti 10 ba a yi ba.