Irin shinkafa mai aure: layi uku ko layi biyu?

Salam ɗan uwa, ka ce ka ji ana kiran wani irin shinkafa mai aure (wato wanda aka samu ta haɗa shinkafa iri biyu daban, uwa da uba) na layi uku wani na layi biyu, kana so ka san bambancinsu da wanda ya fi. To bismillah.

Ita shinkafa kanta take yi wa barbara, namiji da mace duk a ɗan ƙaramin fure ɗaya suke, ba yadda za a yi a bi gona guda da hannu ana haɗa aure, dole sai an samu uwa wadda namijin furenta ba ya aiki. Duk bambancin daga nan ya taso, layi kuwa na nufin kowane nau'in shinkafa da ake buƙata wajen haɗa irin.

Layi uku shi ne na farko. Yuan Longping na ƙasar Sin ya fara binciken a 1964, a 1970 abokan aikinsa suka tsinci wata shinkafar daji mai wannan halin a tsibirin Hainan, 1973 tsarin ya kammala, 1976 ya shiga hannun manoma. Akwai uwa (A), akwai tagwaininta (B) wanda aikinsa kawai ya barbare ta don kar irinta ya ƙare tunda ita ba ta iya yi wa kanta, sai uba (R) da ke sa 'ya'yan su yi ƙwaya. Kaga aure biyu kenan kafin iri ya fito, wahala da kashe kuɗi, kuma ba kowace shinkafa ke iya zama uba ba. Amma fa uwar ba ruwanta da yanayi, ko zafi ko sanyi halinta ɗaya.

Layi biyu kuwa tushensa wata shinkafa ce da wani mai bincike Shi Mingsong ya gano a lardin Hubei na ƙasar Sin a 1973, tsarin bai zauna da gindinsa ba sai 1995. Nan an sallami B gaba ɗaya. Uwar yanayi take bi, in rana ta yi tsawo ko zafi ya wuce wajen digiri 23 zuwa 24 namijin furenta ya mutu sai a aura mata uba, in ana son yawaita irinta a kai ta wuri mai sanyi ta barbari kanta. Ga sauƙi, ga shi kusan kowace shinkafa mai kyau za ta iya zama uba, shi ya sa masu bincike suka samu hanyar haɗa iri masu nisa da juna. Matsalar ita ce sanyi na 'yan kwanaki in ya faɗo lokacin da take ɗaukar ciki, shikenan uwar ta barbari kanta iri ya gauraye, kamfani ya yi asarar shekara, in kuma ba masu tsoron Allah ba ne su zuba a buhu manomi ya kwana ciki. Wannan ne ya fi damuna da shi wallahi.

Aikin gonar iri duk ɗaya ne: a raba ranar shukar uwa da uba don su yi fure tare, a fesa GA3, wani sinadari mai sa tsiro ya miƙe, don kan shinkafar ya fito sosai, a ja igiya kan layin uba garin furen ya tashi, a nisanta gonar da sauran shinkafa.

A ganina in kai mai noma ne kar ka damu da layi nawa ne, duba tsabtar irin da ko an gwada shi a ƙasa irin taka. Dukkansu kan ƙara kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kan iri na gama-gari in an ba su taki da ruwa, kuma dukkansu in ka ajiye ka sake shukawa gonar za ta fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Mai son haɗa iri kuwa, in wurinsa zafi ba ya yankewa a lokacin, layi biyu zan ce masa, in yanayi na yawan juyawa ya riƙe layi uku. Maganar sayen iri duk shekara ma ana kanta, a 2018 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun sa shinkafa ta haifi ƙwaya mai kama da uwarta sak, kuma wannan aikin nake ganin ya kamata mu riƙa bibiya.