Sharhi kan faifan Glenn Gould: kiɗa ɗaya, ɗauka biyu

A rediyo na fara jin Glenn Gould, makaɗin piyano ɗan Kanada, a wata tashar kiɗan gargajiyar Turai da nake kamawa ta intanet bayan kowa ya kwanta. Na tarar an riga an fara kiɗan, don haka ban san makaɗin ba, amma na ji hannun hagunsa yana magana a fili kamar na dama, abin da ban saba ji ba a wurin masu kaɗa piyano. Sai da aka kammala mai gabatarwa ya faɗi sunansa, ya kuma ce kiɗan Bach ne, wani Bajamushe marubucin kiɗa, mai suna Goldberg Variations. Wannan ne ya sa na nemi faifan da kamfanin Sony ya fitar a 2002 da sunan A State of Wonder, kuma yau wata huɗu ke nan ina sauraronsa.

Faifai uku ne a cikin kwalin. Na farko shi ne ɗaukar da Gould ya yi a birnin New York a 1955, yana ɗan shekara 22, wadda ita ce ta fito da sunansa a duniya. Na biyu shi ne kiɗan nan dai da ya sake ɗauka a 1981, shekara guda kafin rasuwarsa a Toronto a watan Oktoba na 1982, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 50. Na uku kuwa hirarsa ce da ɗan jarida Tim Page, haɗe da wasu guntayen gwaji daga ɗakin ɗauka na 1955.

Domin a gane abin da ake saurare, Bach ya wallafa wannan aiki a 1741. Yana buɗewa da wani tattausan kiɗa, sannan juyi talatin, wato gajerun kiɗe-kiɗe da aka gina kan na farkon, kowanne da salonsa, su biyo baya, daga ƙarshe a koma kan kiɗan farko. Abin da ya ɗaure juyin duka shi ne amon ƙasa da hannun hagu yake riƙe da shi, kuma a kusan kowane juyi na uku murya ɗaya ce take farawa, ta biyu ta bi sawunta. Asali ma ba don piyano aka rubuta shi ba, sai don wani abin kiɗa na zamanin mai hawa biyu na madannai, shi ya sa a piyano hannuwan makaɗi suke ta haye juna a wasu wurare.

Ɗaukar 1955 ba ta kai minti 39 ba, domin Gould bai maimaita ko sashe ɗaya ba, kuma gudu yake yi na matashi mai jini a jika. Juyi na biyar yana wucewa kamar walƙiya, amma duk da haka kowane sauti a rarrabe yake, babu wanda ya hau kan wani. Sautin ɗaukar ya ɗan tsufa, kuma daga kafa ɗaya yake fitowa kamar yadda ake ɗauka a wancan lokaci, sai dai cikin minti biyu kunne yake sabawa.

Ta 1981 ce ta fi kama zuciyata, kuma ita nake komawa gare ta. Ta haura minti 51. Kiɗan buɗewa kaɗai ya isa ya nuna bambancin, domin a nan yana tafiya sannu a hankali, har mutum ya riƙa jiran sauti na gaba kamar mai jiran ɗigon ruwa daga indararo bayan an ɗauke ruwan sama. Da ya kai ƙarshensa sai juyi na farko ya faɗo da ƙarfi ba tare da jinkiri ba, kuma daren farko da na saurara da na'urar kunne sai da na zabura. A cikin hirar, Gould ya bayyana cewa so ya yi bugu ɗaya ya ratsa aikin gaba ɗaya, yadda saurin kowane juyi zai samo asali daga wanda ya gabace shi. Bayan na ji wannan bayani na sake saurare, na kuwa ji juyin talatin sun zama tafiya guda. Masu shirya faifan sun yi amfani da ɗaukar kaset da aka yi a gefe a 1981 maimakon ta dijital da aka fara fitarwa, kuma a kunnena amon piyanon ya fi laushi da zurfi.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya sani: Gould yana rera kiɗan ƙasa-ƙasa da bakinsa yayin da yake kaɗawa, kuma ana jin muryar sarai, musamman a ta 1981. Makon farko ta dame ni. Daga baya na lura cewa sau da yawa muryar tana bin layin da kunnena yake tsallakewa, sai ta zame mini jagora. Duk da haka na san akwai waɗanda ba za su taɓa jure mata ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ita ma hirar da turanci take, kuma an ji alamar an tsara ta tun kafin a ɗauka, don haka sau biyu kawai na saurare ta.

Gould ya daina kiɗa a gaban jama'a tun 1964, ya duƙufa kan ɗakin ɗauka da shirye-shiryen gidan rediyon CBC na Kanada, domin ya yi imani cewa a nan ne makaɗi yake isa ga mai sauraro kai tsaye. Wannan ya sa ban ji na rasa komai ba don ban taɓa zama a zauren kiɗa na gan shi ba, tunda irina yake wa kiɗan, mutum shi kaɗai a ɗakinsa. Ga wanda zai fara, shawarata ita ce ya saurari ta 1955 da rana, ya ajiye ta 1981 sai dare ya yi shiru, ya kuma kasa kunne sosai idan an zo juyi na 25, inda kiɗan yake sauka cikin alhini na kusan minti shida.