Aflasafe a gonar masara: abin da na gani bayan damina biyu

Wanda ya fara buɗe ledar Aflasafe, maganin da ake watsawa a gona don rage gubar aflatoksin da fumfuna ke sa wa hatsi, zai ɗauka dawa ce aka rina da shuɗi, kuma bai yi kuskure ba. Dawa ce da aka gasa don kada ta tsira, aka lulluɓe ta da nau'i huɗu na fumfunar nan da masana ke kira Aspergillus flavus, waɗanda aka zaɓo daga ƙasar Najeriya saboda ba sa fitar da guba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ce ta samar da shi tare da masu bincike na ma'aikatar noma ta Amurka, hukumar NAFDAC kuma ta yi masa rajista a 2014.

Dabarar ta burge ni, domin ba kashe fumfuna ake yi ba, riga ta ake yi shiga gona. Idan raɓa da danshi suka taɓa ƙwayar, sai fumfunar da ba ta da guba ta tashi ta mamaye wurin kafin 'yar'uwarta mai fitar da aflatoksin ta samu gindin zama. Gubar nan kuwa ba abin wasa ba ce: tana jawo ciwon dajin hanta, ana danganta ta da tsumburewar yara, dafuwa ba ta kashe ta, kuma ita ce ta hallaka mutum 125 a Kenya a 2004 bayan sun ci gurɓatacciyar masara.

Na watsa kilo 10 a kowace hekta ta gonata da ke wajen Saminaka, mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure. Aikin ba shi da wahala, da hannu ake yi kamar watsa taki, sai dai dole a gama noma da huɗa tukuna, domin idan ƙasa ta binne ƙwayar an yi asara. Bayan 'yan kwanaki na duƙa tsakanin kunya biyu, na tarar ƙwayoyin sun yi wani gashi kore kamar tuwon da ya kwana uku. Yaron da ke taya ni aiki ya ce, "Baba, maganin ya lalace." Alhali wannan ce alamar ya kama aiki.

Wanda ke jiran ƙarin buhuna zai ji an cuce shi, domin wannan magani ba ya ƙara amfanin gona, ba ya hana tsatsar ganye, ba ya kuma ɗauke wa manomi wahalar busar da hatsi sosai kafin a kai rumbu. Ribarsa ba ta ganuwa da ido. A kasuwa ɗan kasuwa yana tauna ƙwaya ne kawai ya faɗi farashi, sai kamfanonin abincin kaji masu gwada hatsi ne suka san bambancin, kuma ga wanda ke sayar musu nake ganin kuɗin ya fi saurin dawowa.

 Aflasafe kuwa sai da na zaga shaguna uku kafin na samu, na farkon ma ya miƙo mini maganin ciyawa. Bana tun watan Mayu na saya na ajiye a busasshen ɗaki, musamman don ɓangaren gonar da iyalina ke ci.